Mu uku za mu buɗe kamfanin sola, amma nauyin maganar takarda nake ji

Mai Sola: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, ku yi haƙuri da tsawon rubutun. Shekarata shida ina haɗa sola a ƙarƙashin wani a nan Kano, yanzu ina so in tsaya da ƙafata. Mu uku ne. Akwai abokina tun firamare, yana aikin gwamnati a Abuja, zai kawo naira miliyan 9. Ni zan sa miliyan 1 da kayan aikina, kuma ni zan ajiye aiki in tsaya a kai safe da yamma. Na ukun ɗan baffana ne, yana da shago a titin Gidan Zoo da yake rufe, zai ba mu, kuma tsakani da Allah shi ya fara kawo shawarar. Ranar Lahadi da muka zauna ya ce a raba komai uku daidai, ai duk ɗaya muke. Mai kuɗin ya yi dariya ya ce ba komai, a fara tukuna. Dariyar nan ce ta hana ni barci. Ina so in ce a rubuta, amma ina jin nauyi, kar a ce tun ba a je ko'ina ba na fara zargin mutane. Yaya ake yi?

Ɗan Farm Centre: Wa alaikumus salam. Wanda ya kawo shawara shi ma kashi ɗaya cikin uku? To ni ma ina da shawarwari guda goma, a ba ni nawa.

Baba na Kwari: Yaro, na haura shekara talatin a Kantin Kwari. Da baki ake ba mu dilolin atamfa na miliyoyi, ba takarda ba shaida, mu sayar mu kawo kuɗi. Na kuma ga waɗanda suka je wurin lauya aka buga musu hatimi, ƙarshenta sai da 'yan sanda suka raba su. Takarda ba ta gyara mugun mutum. Ka duba wa za ka haɗa kai da shi. Ka taɓa yin tafiya da shi? Ka taɓa ba shi bashi ka ga yadda yake biya? In mutumin kirki ne ku kama aiki, in ba shi ba ne ko littafi guda kuka rubuta wahalar banza ce.

Uwar Biyu: Baba, Allah ya ƙara girma, amma ka ba ni dama in saɓa maka. Marigayi maigidana ya yi gidan kaji da amininsa, shekara biyar suna tare, ko sau ɗaya ban ji sun yi sa-in-sa ba. Mutumin nan har gobe ba zan ce masa macuci ba, shi ya tsaya a kan jana'iza, shi ya biya kuɗin makarantar yara na zangon farko. Amma da aka zo rabon gado sai ya ce kuɗin da marigayi ya sa rance ne ya ba shi, ga su nan cif zai mayar. Ni kuma abin da na sani a bakin mijina shi ne gidan kajin nasu ne su biyu. Wanda zai raba gardamar yana cikin ƙasa. Muka karɓi uwar kuɗi, kuɗin da a lokacin da aka sa su za su sayi fili, ranar da aka dawo da su ko harsashi ba za su yi ba. Wataƙila shi a ransa haka ya fahimta tun farko, Allah ne masani. Da akwai ko rabin shafi da hannun mijina a kai, da yau ina gaisawa da matarsa ba tare da wani abu ya tsaya min a wuya ba.

Baba na Kwari: Allah ya jiƙansa, Hajiya. Wannan kam ban da ta cewa.

Malam Mai Risala: Allah ya gafarta masa. Ɗan uwa mai tambaya, nauyin da kake ji ka ajiye shi. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma sahabbai aka fara yi wa magana da ita, waɗanda suka fi mu amana nesa ba kusa ba. In an ce su rubuta, wane ne ni wane ne kai?

Sannan raba uku daidai ɗin nan yana da matsala tun kafin a je ga lauya. A Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda duk muka karanta a zaure, an ce tarayya da dukiya ta halatta a kan riba ta kasance gwargwadon abin da kowa ya fitar, aiki ma haka, kuma bai halatta jari ya bambanta a daidaita a riba ba. Wannan shi ne mazhabar Malikiyya. Hanafiyya da Hanbaliyya sun yarda a ƙara wa mai aiki kaso saboda aikinsa. Amma kowa ya haɗu a kan cewa faɗuwa gwargwadon jari take.

Abin da ya fi kama da halinku shi ne ƙiradi: wani ya kawo kuɗi, wani ya juya, a raba riba rabi da rabi ko yadda aka yarda, in an faɗi ba da sakaci ba mai kuɗi ya yi asarar kuɗinsa, mai aiki ya yi asarar guminsa. Sai dai a kiyaye abin da ya zama ruwan dare a garin nan, mutum ya ba ka jari ya ce duk wata ka turo masa dubu ɗari biyu ko an ci riba ko ba a ci ba, kuma uwar kuɗinsa na nan. Wannan ba ƙiradi ba ne, rance ne da ruwa aka sa wa hula.

Ɗan Farm Centre: Allah ya gafarta Malam, yau ka taɓo rabin kasuwarmu.

Barista: Malam ya gama da nasa ɓangaren, bari in kawo na kotu. Abu na farko, in kuka je CAC, hukumar rajistar kamfanoni, kuka yi rajistar sunan kasuwanci kawai, wadda ita yawancin mutane ke yi don ta fi araha, to a idon doka babu wani kamfani, ku ukun ne kawai da suna a allo. Bashin da ɗayanku ya ciwo da sunan harkar yana kan kowa, har motarka da gidanka. Kuma in ba ku rubuta komai ba, ba wai babu doka ba ne, akwai wadda za ta hau kanku ba ku zaɓa ba. Dokar tarayya ta Ingila ta 1890 da muka gada, wadda jihohi da dama suka kwafo, cewa ta yi in babu yarjejeniya riba daidai ake rabawa, babu abokin tarayyar da ke da haƙƙin albashi don ya yi wa harkar aiki, kuma mutuwar mutum ɗaya tana rushe tarayyar. Ka karanta na tsakiyar sau biyu, don kai ya shafa. Kana kan rufin mutane da rana tsaka, ɗan baffanka yana gida, a doka ladanku ɗaya.

Shawarata ku yi kamfanin limitid. Dokar kamfanoni ta Najeriya, wato CAMA ta 2020, ta sauƙaƙa, mafi ƙarancin hannun jarin ƙaramin kamfani naira dubu 100 ne. Kamfanin mutum ne mai zaman kansa, shi ke cin bashi, shi ke mallakar kaya, in ɗaya ya rasu hannun jarinsa ne ke shiga gado, ba a zo a ƙirga batura da faifan sola a raba ba.

Abu na biyu da ba wanda ya lura: abokinka ma'aikacin gwamnati ne. Jadawali na biyar na tsarin mulkin 1999 ya hana ma'aikaci na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci mai zaman kansa, in ba noma ba. Zai iya riƙe hannun jari, amma kar ku sa shi cikin masu tafiyar da kamfanin.

Mai Sola: Barista na gode ƙwarai, wallahi wannan na ƙarshen ko a mafarki ban san shi ba. To amma in limitid ne, nawa kowa zai riƙe? Nan ne gizo ke saƙa.

Akawu: Kuskuren da kuke yi shi ne kun zuba abu uku a ƙwarya ɗaya kuna neman ku raba da cokali: kuɗi, aiki, da shago. Ku ware su. Shago haya ake biya masa. Aiki albashi ake biya masa. Kuɗi ne ke sayen hannun jari. In kamfani ba shi da ƙarfin biyan haya ko cikakken albashi a farko, abin da ba a biya ba sai a rubuta shi a matsayin jarin mai shi.

Ga misali, lambobin nawa ne, ku sa naku. A ce albashin mai irin aikinka dubu 250 ne a wata, ka yarda ka riƙa ɗaukar dubu 100 har shekara biyu. Ragowar dubu 150 sau 24 ya ba da miliyan 3.6. A ce an yi wa kayan aikinka kuɗi miliyan 1.4, ga miliyan 1 da ka kawo, jimla miliyan 6. Hayar shago a ce miliyan 1 a shekara, shekara biyu miliyan 2. Mai kuɗi miliyan 9. Duka miliyan 17. Kenan shi yana da kusan kashi 53 cikin ɗari, kai 35, ɗan baffanka 12. Ka ga yanzu in an yi gardama, a kan kuɗin haya ko albashi za a yi ta, abin da kowa zai iya zuwa ya tambayo a gari. Ba a kan wa ya fi wani muhimmanci ba, wadda ba ta ƙarewa.

Malam Mai Risala: Albashin ya zama da yarjejeniyarsa daban, kamfani ya ɗauke shi aiki kamar yadda zai ɗauki bare, yadda ko an sauke shi tarayyar na nan. Malaman da ke duba harkar bankunan Musulunci a haka suka halatta. Kar a cusa shi cikin rabon riba.

Yaron Kwamfuta: Lissafin Akawu ya yi, amma akwai rami. Miliyan 3.6 ɗin nan ai ba a yi aikinsu ba tukuna. In an rubuta wa Mai Sola kashi 35 yau, bayan wata biyar ya samu aiki a Saudiyya ya tafi fa? Ya tafi da kason aikin da bai yi ba. A harkarmu ta manhaja akwai abin da ake kira bestin, wato kaso yana nuna ne a hankali kamar mangwaro. Yadda aka saba a Amurka shekara huɗu ne: in ka fita kafin shekara ɗaya ba ka da komai, in ka cika shekara ka mallaki kashi ɗaya cikin huɗu na rabonka, sauran kuma wata-wata. Ku naku ku yi shekara biyu tunda a kanta aka yi lissafin. Shagon ma haka, kar a ba shi 12 yau, gobe ya ce matarsa za ta buɗe wurin ɗinki ku tashi.

Kuma maganar Barista ta bashi ba wasa ba ce. Kamfanin Apple mutum uku suka kafa shi a 1976, ba biyu ba. Na ukun, Ronald Wayne, yana da kashi 10. Ko wata guda ba a yi ba ya karɓi dala 800 ya fita, saboda a lokacin tarayya ce ba limitid ba, kuma shi ne mai abin da masu bin bashi za su iya kamawa, sauran biyun samari ne ba su da ko sisi.

Ɗan Farm Centre: Dala 800! Inna lillahi. Wannan ko ni da na sayar da filina na Ɗorayi kafin a yi titi ban kai shi baƙin ciki ba.

Baba na Kwari: Ku yaran nan komai sai kun kai mu Amurka. Ni abin da na gani da idona shi ne, ba rabon riba ke kashe haɗaka ba, aljihun shago ne. Yau wannan ya ɗebi dubu hamsin matarsa ta haihu, gobe wancan ya ɗauki inbata ya kai gidan surukinsa za a biya daga baya. Ranar ƙirgen kaya kafin fitar da zakka sai a ga rami, kowa ya ce ba shi ba ne. In dai za ku rubuta, to ku fara da wannan.

Uwar Biyu: Au, Baba, ka dawo layinmu kenan?

Baba na Kwari: Ban dawo ba, Hajiya. Littafin shago daban, takardar lauya daban. Littafi kam ko ubana yana da shi, da ajami.

Barista: Baba ya yi gaskiya, kuma maganinsa mai sauƙi ne. Asusun banki da sunan kamfani, saƙon shiga da fitar kuɗi ya riƙa zuwa wayar ku ukun, kuɗin da ya wuce wani adadi sai da amincewar mutum biyu. Layin wayar da kwastomomi ke kira da shafin Facebook su zama na kamfani, don a irin sana'arku wanda ya tafi da layin ya tafi da kasuwar.

Amma Mai Sola, ka dubi 53 ɗin nan da kyau. A kamfani kowane hannun jari ƙuri'a ɗaya ne, kuma da rinjaye mai sauƙi ake cire darakta. Wato abokinka shi kaɗai zai iya sauke ka daga kamfanin da ka gina, doka ta ba shi. Manyan abubuwa kamar canza dokokin kamfani su ne ke buƙatar kashi 75, a nan 35 ɗinka ya isa ya tare hanya. Don haka a yarjejeniyar masu hannun jari a rubuta: in an sauke ka ba da laifin cin amana ba, dole a sayi kasonka, kuma ga yadda za a yi masa kuɗi. A rubuta cewa duk mai son sayar da nasa sai ya fara tallata wa sauran biyun, CAMA ta ba da damar haka. A rubuta abin da za a yi in ɗaya ya rasu: magada za su zauna a ciki ne, ko za a biya su cikin wata nawa. A rubuta sunan wanda za a je wurinsa sulhu kafin kotu, mutum ɗaya da ku ukun kuke jin nauyinsa.

Akawu: Wurin yi wa kaso kuɗi ɗin nan a ja masa layi. Kayan sola da dala suke tafiya. A tsakiyar 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, farkon 2024 ta haura 1,500. Wanda ya sa miliyan 9 kafin nan, in ya tashi fita ka ce ga miliyan 9 ɗinka, ka zalunce shi. In kuma kasuwa ta faɗi ya ce sai miliyan 9 ɗinsa cif, shi ya zalunce ka. Abin da yake da shi kaso ne na abin da ke ƙasa ranar fita, ba adadin da ya kawo ba. Labarin Hajiya kenan.

Na Maraɗi: Sannunku da muhawara. Mu a Nijar dokar kasuwanci ta bai ɗaya da ake kira OHADA muke bi, mu da Kamaru da Chadi da sauransu, ƙasa 17. A ƙaramin kamfanin da muke kira SARL, in dokokin kamfanin ba su faɗi wani abu daban ba, ba ka sayar wa bare kasonka sai da yardar masu kashi uku cikin huɗu na sauran. Amma gaskiya 'yan kasuwarmu na nan kamar Baba suke, sai abu ya ɓaci ake neman takarda. Ni tambayata ɗaya ga mai sola: tsofaffin kwastomominka na shekara shida, in ɗaya ya kira ka ranar Lahadi ka je ka gyara masa ya ba ka dubu talatin, kuɗin wa ne?

Mai Sola: Kai. Nawa mana, ai tun kafin kamfani na san su.

Na Maraɗi: Da mota ko babur ɗin wa za ka je? Da wayar wuta daga shagon wa?

Yaron Kwamfuta: An kama shi.

Uwar Biyu: Ka gani ko, ƙanena? Kai ma da kake tsoron a cuce ka, ga inda su za su ce ka cuce su, kuma kai a ranka ba ka ɗauke shi komai ba. Kar ka je musu da maganar a matsayin kariyar kanka. Ka fara da wannan, ka ce ga abin da nake so a ɗaure ni da shi.

Mai Sola: Salam, na dawo da bayani kamar yadda wasu suka nema ta akwatin saƙo. Jiya Juma'a abokina ya shigo gari, muka zauna bayan la'asar. Na bi shawarar Hajiya, na fara da aikin gefe da maganar in na tafi kafin shekara biyu. Sai ya yi ajiyar zuciya ya ce wallahi tun ranar Lahadin shi ma bai samu sukuni ba, kuɗin na gidan da yake tarawa ne, matarsa ma ba ta san zai sa su ba, kuma nauyina yake ji ya ce a rubuta. Dariyar da ta hana ni barci ashe ta tsoro ce. Ya yarda da lissafin Akawu, ya ce ma shi ba ya son ya wuce kashi 50, a bar wani abu a gefe don yaran da za mu ɗauka in sun daɗe.

Ɗan baffana ne bai ji daɗi ba. Ya ce an mayar da shi mai gidan haya bayan shi ya kawo maganar. Da daddare baffa ya kira babana, babana ya kira ni, na sha faɗa na kusan rabin awa kafin a saurare ni. Yanzu dai an tsaya a kan zai zaɓa: ko haya a hannu duk shekara, ko kashi 12 mai nuna a hankali, ko kuma ya zo ya riƙe shagon da kansa a yanka masa albashi. Ya ce a ba shi mako guda.

Baba na Kwari: In ya zaɓi riƙe shago, littafin kar ya zama a hannunsa shi kaɗai. Kuma wa kuka sa na sulhu?

Mai Sola: Ba mu sa ba tukuna, Baba. Ni na ce limamin unguwarmu, abokina ya ce limamin ai ɗalibin baffa ne. Barista, na turo maka saƙo, nawa ne kuɗin rubuta mana, kuma za ka samu zama ranar Asabar mai zuwa?

Barista: Na gani. Asabar bayan azahar. Kowa ya zo da katin shaidarsa, kai kuma ka zo da jerin kayan aikinka da farashin kowanne, har tsani.